Adana Turare a Ƙasar Hausa: Nazarin Mazubi da Ma'ajiya da Dalilan Gushewar Ƙamshi

Tsakure

Turare yana daga cikin kayan da Bahaushe yake kashe wa kuɗi masu yawa, musamman a lefe da kayan ɗaki da hidimar Juma'a da Idi, amma sau da yawa ƙamshinsa yakan gushe tun kwalbar ba ta kai rabi ba. Wannan maƙala ta dubi abubuwan da suke kashe ƙamshin turare a ma'ajiya, ta auna su da yanayin ƙasar Hausa da kuma kalmomin da harshen ya tanada domin bayyana lalacewar ƙamshi. Maƙalar ta nuna cewa dabarun adanawa na gargajiya sun ginu ne a kan turaruka masu juriya, irin su ƙaro da itace da mai, kuma sun dace da abin da ilimin sinadarai ya tabbatar daga baya. Matsala ta kunno kai ne a lokacin da turare ya fita daga cikin adudu ya hau kan madubi, wato ya zama kayan jere.

Fitilun Kalmomi: Turare, Adanawa, Humra, Turaren Wuta, Jere

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun fi mayar da hankali a kan muhallan da ake amfani da turare: aure da haihuwa da mutuwa, da ibada, da magani, da sha'anin bori. Abin da yake faruwa da turaren tsakanin ranar da aka saye shi da ranar da aka shafa shi bai cika samun kulawa ba, alhali a wannan tsakanin ne mafi yawan asara take aukuwa. Amaryar da aka kawo wa turare kwalba goma sha a lefe ba za ta ƙarar da su a shekara guda ba. Idan ta jere su a inda rana take dukansu, waɗanda za ta buɗe daga ƙarshe sun riga sun sauya, kuma abin da za ta fara zargi shi ne an sayo mata jabu.

Ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da akan cuɗanya su a magana. Akwai daɗewar ƙamshi a jiki ko a tufa, wanda ake cewa turare "ya kama jiki", akwai kuma daɗewarsa a cikin mazubi. Wannan maƙala a kan na biyun take, ko da yake na farkon ya dogara a kansa, domin turaren da ya mutu a kwalba ba ya rayuwa a riga.

2.0 Abin da Harshe ya Adana

Kalmar "turare" tana da alaƙa ta kusa da aikatau "turara" da kuma suna "tururi". Wannan yana nuna cewa asalin ma'anarta ita ce abin da ake ƙonawa hayaƙinsa ya game jiki ko tufa ko ɗaki. Da na ruwa ya yawaita har ya mamaye kalmar, sai aka koma ana bambanta na asalin da cewa "turaren wuta". Irin wannan tafiya ce kalmar ta yi a harsunan Turai, inda sunan turare ya samo asali daga Latinancin per fumum, wato "ta hanyar hayaƙi".

Hausa tana da wadatar sunayen wari fiye da na ƙamshi. Akwai wari da ɗoyi da ƙarni da ƙauri da zarni da hamami da bashi, kowanne da muhallinsa, amma a ɓangaren daɗi kalma ɗaya ce take ɗauke da nauyin, wato ƙamshi ko ƙanshi. Inda harshen ya nuna ƙwarewa a kan turare shi ne a aikatau. Ana cewa ƙamshi ya tashi, ko ya gudu, ko ya mutu. Ana cewa turare ya juya, ko ya sha iska. Ana kuma cewa humra ta tsumu. Waɗannan ba kalmomi ne masu ma'ana ɗaya ba. "Gudu" yana nufin ƙamshin ya fice ya bar ruwa salam, "juyawa" kuwa yana nufin ƙamshin yana nan amma ya koma wani abu dabam, galibi mai tsami ko mai hawa kai. A ilimin sinadarai ma hanyoyi biyu ne mabambanta: na farko ficewar ƙwayoyin ƙamshi ne zuwa cikin iska, na biyu kuwa sauyawarsu ce bayan sun haɗu da iskar oksijin. Lafazin "shan iska", wanda ake yi wa siminti da magani da garin yaji, ya tattara su duka biyun, kuma ya ɗora laifin a daidai inda ya kamata. "Tsumuwa" ita ce kishiyarsu, domin ita sauyi ce da ake nema, kuma za a dawo kanta a sashe na 6.0.

3.0 Turaren da ya Saba da Tafiya

Sunayen kayan ƙamshi da yawa a Hausa aro ne daga Larabci: almiski da ambar da lubban da jawul da kanumfari da jibda. Sun shigo tare da kayan ta hanyar fataucin Sahara. Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a shekarar 1851, ya lissafa jawul da lubban da kanumfari a cikin kayan da ake shigowa da su birnin, ya kuma ambaci man wardi, wanda ya ce saboda tsadarsa mafi yawansa ba ya shiga kasuwa, sarakuna da manyan gari ake kai wa kai tsaye.

Abin lura a nan shi ne irin kayan da suke iya wannan tafiya. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamas da Gat da Agadas yakan shafe watanni kafin ya sauke kaya a Kasuwar Kurmi. Abin da zai jure zafin hamada a bayan raƙumi sai ƙaro busasshe, ko itace, ko mai mai nauyi da aka toshe bakinsa da kyau. Kayan gida ma haka suke: kajiji da jema saiwoyi ne, hano da dashi kuwa ƙaro suke bayarwa. Dukkansu ƙamshinsu a ɗaure yake a cikin jikinsu, sai wuta ko murza ta kwance shi. Saboda haka Bahaushe ya koyi adana turare ne a kan kayan da suke yafe kuskure.

Ko turaren kwalba da ya fi shahara a ƙarni na 20 bai kauce wa wannan tsari sosai ba. Bint el Sudan, wanda Hausawa suke kira Bintu Sudan, kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fito da shi a shekarar 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Na mai ne, babu barasa a cikinsa, kuma an san shi da 'yar ƙaramar kwalba mai cin mililita 12. Ƙanƙantar kwalbar kariya ce, domin kafin iska ta yi masa illa an riga an ƙarar da shi. Turaren fesawa na zamani, mai mililita 50 ko 100, wanda aka narkar a cikin itanol aka kuma ƙawata shi da ƙamshin lemo da na furanni marasa nauyi, baƙo ne mai buƙatar wata kulawa ta dabam.

4.0 Abubuwan da Suke Kashe Ƙamshi

Turare haɗi ne na sinadarai da yawa waɗanda ba su da nauyi ɗaya. Masu haɗa shi sun kasa su hawa uku. Hawa na sama shi ne abin da hanci yake fara ji, kamar ƙamshin ɓawon lemo, wanda yake gushewa cikin mintuna. Na tsakiya shi ne na furanni da kayan yaji. Na ƙasa kuwa shi ne na itace da ƙaro da almiski, wanda yake kwana a tufa. Lalacewa daga sama take farawa, shi ya sa tsohon turare yakan yi tsami a feshin farko, sannan bayan ɗan lokaci asalin ƙamshinsa ya bayyana.

Zafi shi ne babban abokin gaba a ƙasar Hausa. Akwai ƙa'ida sananniya a ilimin sinadarai cewa saurin sauyawar sinadari yakan kusan ninkuwa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. Masu yin turare sukan ba da shawarar a ajiye shi a wurin da bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba. A Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram kuwa, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa. Bisa wannan ƙa'ida, kwalbar da take zaune a digiri 40 tana tsufa kusan ninki huɗu a kan wadda take digiri 20, wato bazara guda tana iya yi mata abin da shekara za ta yi a ƙasa mai sanyi. Ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da silin ya fi waje zafi da tsakar rana. Cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce digiri 60, amma duk da haka aljihun gaban mota yana daga cikin wuraren da maza suka fi ajiye turarensu na Juma'a. Hawa da saukar zafi ma illa ce mai zaman kanta: iskar da take cikin kwalba tana kumbura da rana ta matsa waje, da dare ta tsuke ta jawo sabuwa, sai ka ce kwalbar numfashi take yi ta bakin murfi.

Haske yana biye. Hasken rana yana ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda yake karya ƙwayoyin ƙamshi, yana kuma kashe launi. Farar kwalba ba ta tare shi duka. Wannan ne dalilin da ya sa ake zuba tataccen man ƙamshi a kwalba mai duhu ko a gorar alminiyon, kuma shi ne amfanin kwalin da ake sayo turare a ciki, wanda galibi ake yarwa tun ranar farko.

Sai iska. Duk feshi ɗaya yana barin gurbin da iska take cikewa, saboda haka kwalbar da ta rage kwata ta fi cikakkiya saurin juyawa. Sinadarai biyu da suka yawaita a turare, limonin na ɓawon lemo da linalul na furanni, idan suka sha oksijin sukan rikiɗe su zama abubuwan da suke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fatar wasu mutane. Ke nan batun ya wuce asarar kuɗi, ya taɓa lafiya. Girgiza kwalba kafin fesawa, wanda wasu suke yi da zaton turaren zai haɗu, ƙara cusa masa iska kawai yake yi.

Ana iya ganin waɗannan dalilai a aikace a Osmothèque, ma'adanar turare da Jean Kerléo da abokan sana'arsa suka kafa a garin Versailles na ƙasar Faransa a shekarar 1990. A can ana ajiye turaruka a cikin duhu, a sanyin digiri 12, sannan a cike gurbin kwalba da iskar agon wadda ba ta sauya sinadari. Duhu da sanyi da toshe iska su ne dukkan dabarar, sauran kayan aiki ne.

5.0 Daga Adudu zuwa Kan Madubi

Idan aka ɗauki waɗannan sharuɗɗa uku aka auna tsohon ɗakin Bahaushiya da su, za a tarar ya cika mafi yawansu ba tare da an ambaci sunan sinadari ko ɗaya ba. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafi, tagarsa kuma ƙarama ce. Turare ba a sarari yake zama ba. Ana naɗe shi a tsumma a cusa shi tsakanin tufafi a cikin adudu ko akwati, a tura ƙarƙashin gado. Tufafin suna tare haske, suna rage hawa da saukar zafi, sannan ɗan abin da ya tsere daga kwalbar ba ya tafiya a banza, zannuwa ne suke shanye shi. Ɓoye turare yana da nasa dalilai na zamantakewa, kamar gudun hannun yara da na masu aro da kuma sirrin da yake tsakanin kishiyoyi, amma ko mene ne dalilin, turaren ne ya ci riba.

Mazuban gargajiya ma suna da hikimarsu. Batta da tandu, waɗanda ake ajiye kwalli da mai da garin taba a cikinsu, haske ba ya ratsa su, bakinsu kuma ƙarami ne. Fata tana da wani hali da masu haɗa turaren mai na garin Kannauj a Indiya suke amfani da shi har yau: suna zuba sabon turare a gorar fata domin ragowar ruwan da yake cikinsa ya tsotse ya fice, man ya saura. A Habasha kuwa an daɗe ana tara jibda a cikin ƙahon sa. Sai dai fata ba ta dace da turaren itanol ba, domin shi ma ficewa zai yi.

Al'adar jere ce ta sauya lissafin. Da madubi mai teburi ya shiga cikin kayan ɗakin amarya, sai kwalaben turare suka bi sahun tasoshi da kwanuka a matsayin abin nuna wadata da gata. Kamfanoni ma sun ƙera kwalaben ne domin a kalle su. Madubi kuwa kusa da taga ake kafa shi saboda haske, shi kuma yana mayar da hasken a kan abin da aka jera a gabansa. Babu wurin da ya fi wannan muni ga turare a duk ɗakin, in ban da banɗaki mai tururin ruwan zafi. Ba lallai ne a yaƙi jere ba, domin yana da matsayinsa a al'ada. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar kwalba ɗaya ko biyu da ake amfani da su kullum, tare da waɗanda suka ƙare in ana son ado, sauran kuwa a bar su a kwalayensu, a tsaye, a can ƙasan sif ko durowa, a jikin bangon da rana ba ta duka. Kwalbar da ba a fara fesawa ba ta fi daɗewa, saboda haka buɗe goma a lokaci guda domin a ji ƙamshin kowanne asara ce.

Firiji yana da amfani ga turare mai ƙamshin lemo, amma da sharaɗin wuta ta tsaya. Inda ake ɗaukewa ana kawowa, kwalbar tana yin sanyi tana hucewa sau da yawa a rana, wanda ya fi zaman durowa illa. Man shanu da madara kuma suna ɗaukar ƙamshin abin da aka ajiye kusa da su.

A kasuwa, masu sayar da turaren mai sukan ɗebo shi da sirinji daga manyan gorori su ɗura a kwalabe masu cin mililita 3 ko 6 ko 12, awon da ya samo asali daga tola ta Indiya, mai nauyin giram 11.66. Wannan tsari yana da kyau ga mai saye, kuma shi ya kamata mai babbar kwalba ya kwaikwaya: ya ɗebi na mako biyu a ƙarama, ya rufe babbar. Aibin yana ga kwalaben da ake jerawa a tebur a bakin masallaci rana tana dukansu tun hantsi, da kuma mazubin roba, wanda man ƙamshi yake iya narkar da wani nau'insa, wani nau'in kuma ƙamshin ya ratsa shi ya fice. Kwalba mai tsinke ko mai ƙwallo a baki tana taɓa fata ta koma ciki da gumi da maiƙo, don haka ba a ajiye irinta shekaru.

6.0 Humra da Turaren Wuta

Waɗannan biyun sun shigo wa Hausawa ne ta hannun Barebari da Larabawan Shuwa, da alaƙar da ta miƙe ta Chadi har Sudan, kuma har yanzu na Maiduguri ne ake yi wa kallon na asali. Hukuncinsu ya bambanta da na turaren kanti, domin ba a gama su a ranar da aka haɗa su. Humra haɗi ce ta garin sandal da farce da almiski da mahalab da wasu turarukan ruwa, kuma sai ta kwana biyu a rufe kafin ƙarnin farce ya kwanta, kayan su shiga juna. Wannan ita ce tsumuwa. Kamfanonin turare ma suna barin sabon haɗi ya zauna makonni kafin su ɗura shi. Itacen oud da sandal suna cikin 'yan kayan da shekaru suke ƙara wa daɗi, saboda ƙwayoyinsu masu nauyi ne, ba sa saurin tashi.

Wasu masu haɗi sukan sa sabuwar humra a rana domin ta yi saurin tsumuwa. Zafi yana gaggauta haɗuwar kayan, wannan gaskiya ne, amma da hanyar da yake tsumarwa da hanyar da yake lalatawa duk ɗaya ce, bambancin kawai lokacin da aka tsaya. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar dabarar haɗi a mayar da ita dabarar ajiya. Humrar da ta riga ta tsumu duhu take so. Idan kuma an sa mata man gyaɗa ko wani man girki a matsayin abin narkarwa, to ranta gajere ne, domin man zai yi ɗaci ya ja ƙamshin ya tafi da shi.

Turaren wuta yana da tasa matsalar, wadda ta shafi laima. Ana dafa sukari ne a juya itacen a ciki, irin su sandal da hawi da gab-gab, sannan a shayar da shi turare. Sukarin yana riƙe man a jikin itace, yana kuma sa shi ci a hankali a kan garwashi. Sai dai sukari yana jan ruwa daga iska. A watan Agusta, turaren wutar da aka bari a buɗe yakan yi danƙo ya dunƙule, wani lokaci har ya yi fumfuna, in an zuba shi a kasko sai ƙauri ya rinjayi ƙamshi. Da hunturu kuwa, lokacin da laimar iska take sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ya bushe ƙayau, man ya gudu ya bar itace. Maganin duka biyun ɗaya ne: kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi mai kamawa, a cika ta sosai, a ɗiba da busasshen cokali. Gindin randa, wanda yake da sanyi har akan yi sha'awar ajiye abubuwa a wurin, bai dace da shi ba. Abin da huhun goro yake nema, wato yayyafi da danshi, shi ne ajalin turaren wuta.

Alamomin juyawar turare ba su da wuyar ganewa. Launi yakan yi duhu, ruwan ya yi kauri ko gurɓi, ƙamshin farko ya yi tsami ko ya yi kama da na man goge farce. Duhun launi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin turare mai banila yakan yi ja da kansa ba tare da ya lalace ba, saboda haka hanci ne alƙali. Idan an daɗe ba a taɓa kwalba ba, a zubar da feshi biyu ko uku na farko, domin abin da ya kwana a cikin bututun ya fi na cikin kwalbar shan iska. Wanda hawansa na sama kawai ya mutu ana iya fesa shi a labule ko a zuba shi cikin haɗin turaren wuta, inda nauyin ƙasan ne ake bukata. Wanda ya fara sa ƙaiƙayi kuwa a nisanta shi da fata, musamman ta jarirai, waɗanda akan shafa wa turare tun ranar suna.